Abin da Ke Cikin Ɗigon Jini: Tarihin Zazzaɓin Damana a Madawa, Buza da Keita

Ɗalibin da ya bar lisen garinsu a Madawa, Buza ko Keita da bakaloriya a hannu, ya shiga sashen kimiyya ko na likitanci a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ba ya daɗewa sai ya ci karo da wasu tambayoyi da ake maimaitawa a jarrabawar ilimin halittu daga Dakar har Paris. Me ke faruwa da jar ƙwayar jini idan aka sauya tubali ɗaya tak a cikin sinadarin da ke ɗaukar mata iska? Ta wace hanya magani ke kashe ƙwayar cuta ya bar mai ciwon da ransa? Me ke sa ƙwayar halitta ta ƙi daina rabuwa har ta zama ciwon daji? Da Faransanci ake tambayarsa, da Faransanci yake ba da amsa, kuma sau da yawa yakan hardace amsar kamar labarin wata duniya da ba ta shafe shi ba. Alhali kuwa tambayoyin nan uku igiya ɗaya ce ta ɗaure su, wato zazzaɓin da ke kwantar da ƙannensa a gida kowace shekara tsakanin marka da kaka.

Mutanen Adar da Gobir Tudu ba su jira wani baƙo ya zo ya gaya musu lokacin wannan ciwo ba. Tun kaka da kakanni an san cewa idan ruwa ya zauna, tabkuna suka cika, gero ya fara fid da kai, to masassara ta kusa shiga gidaje, kuma yara ƙanana ta fi ɗauka. Abin da aka yi saɓani a kansa shi ne sanadi. Wasu sukan ɗora laifin a kan sabon abinci, tumu ko ɗanyar masara. Wasu su ce raɓa ce ko dukan ruwa. Idan kuwa yaro ya kai ga jijjiga da juya ido, sai a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi wajen malam ko boka. Kada mai karatu ya yi saurin dariya. Kalmar malariya daga Italiyanci ta fito, ma'anarta mugunyar iska. Ita kuwa paludisme ta Faransanci, wadda ƴan Nijar suka gutsure suka mai da palu, asalinta kalmar Latin ce mai nufin fadama. Ashe Bature ma iska ya yi ta zargi, ɗaruruwan shekaru.

Ranar 6 ga Nuwamba 1880, a asibitin soja na birnin Constantine da ke Aljeriya, wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran ya ɗiga jinin wani soja mai zazzaɓi a kan gilashi, ya duba da madubin likita. Sai ya ga abu mai rai yana motsi, yana kaɗa wasu siraran zaruruwa kamar bulala, ga kuma baƙaƙen ɗigo a cikinsa. Manyan masanan zamanin ba su yarda da shi nan take ba, sai da aka yi shekaru ana gardama. A 1897 Ronald Ross, likitan sojan Ingila a Indiya, ya ga ƙwayar a tumbin sauro. A 1898 Giovanni Battista Grassi da abokan aikinsa a Italiya suka tabbatar cewa macen sauron da ake kira anofel ita ce ke kai cutar daga mutum zuwa mutum. Abu ɗaya ya rage: ina ƙwayar ke ɓuya a kwanakin farko bayan cizo, tun da ba a ganinta a jini? Sai a 1948 Shortt da Garnham suka same ta a hanta.

Ga yadda labarin yake game da Plasmodium falciparum, irin da ya fi yawa kuma ya fi kisa a Nijar. Sauro ya ciji yaro da dare, ya zuba masa ƴan ƙwayoyi kaɗan tare da miyansa. Su wuce hanta, su yi kamar mako guda shiru, yaro na wasansa, alhali kowace ɗaya tana hayayyafa ta zama dubbai. Daga nan su bazu cikin jini, su shiga jajayen ƙwayoyi. Duk bayan kwana biyu ƙwayar jinin da aka shiga ta fashe, ta saki sababbi wajen ashirin, jiki ya ɗau rawar ɗari da zafi. Muguntar wannan iri tana ga wata dabara tasa: yakan sa ƙwayar jinin da yake ciki ta fid da wasu ƙusoshi a bayanta, ta manne wa bangon ƙananan jijiyoyi kamar yadda ƙarangiya ke manne wa riga, don kada jini ya kai ta saifa, inda ake tace lalatattun ƙwayoyi. Idan a ƙwaƙwalwa aka yi mannewar, sai jijjiga da suma. Iskar da ake magana ke nan. Idan kuwa fashewar ce ta yi yawa, sai a ga tafin hannun yaro da cikin idonsa sun yi fari fat. Babba ya sha cizo shekara da shekaru, jikinsa ya koyi kare kansa. Ɗan shekara biyu bai koya ba tukuna.

Sanin sanadi bai kawo wa talaka magani nan da nan ba. Tun 1820 Pelletier da Caventou suka fid da kinin daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka. A 1854 William Baikie, wanda daga baya ya zauna a Lakwaja har ya koyi Hausa, ya shiga Kwara da Binuwai da jirgin ruwa yana ba mutanensa kinin kowace rana, suka dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe. Kinin ya buɗe wa Turawa ƙofar da sauro ya daɗe yana tsaro. Hafsoshin Faransa da suka kafa bariki a Tawa da Madawa a farkon ƙarni na 20 da kinin ɗinsu suka zo, ɗan ƙauye kuwa ya ci gaba da jiƙo da turare. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu maganin da ya kai ga kowa ya bayyana, wato kulorokin, wanda aka sani a nan da sunan nibakin, mai arha, mai ɗaci, wanda har a teburin mai sayar da ashana ana samu. Aikinsa abin mamaki ne. Ƙwayar cutar tana cin hemogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, amma ɓangarensa mai ƙarfe guba ne gare ta, don haka takan dunƙule shi ta ajiye gefe. Dunƙulen nan su ne baƙaƙen ɗigon da Laveran ya gani. Nibakin yakan taru a cikin tumbinta ya hana dunƙulewar, sai ta mutu da dattin cikinta.

Da nibakin a hannun dama, maganin feshi na DDT a hannun hagu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar kawar da zazzaɓin daga doron ƙasa a 1955. Galibin Afirka ba ta shiga shirin da gaske ba, sai gwaje-gwaje nan da can, kuma biyu daga cikin mafi muhimmanci a ƙasar Hausa aka yi su. A yankin Birnin Kebbi an fara feshi a 1954. Kafin 1955 ta ƙare an sami sauron da ɗaya daga cikin magungunan feshin, diyeldirin, ba ya kashewa. A Garki, arewa maso gabas da Kano, daga 1969 zuwa 1976 Hukumar da gwamnatin Nijeriya suka yi aikin da har yau ake koyar da shi a jami'o'i: aka yi ta feshe ɗakuna, aka ba ƙauyuka sukutum magani, aka duba jinin dubban mutane a kai a kai. Ciwon ya ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ta ragu, amma yaɗuwarsa ba ta yanke ba, kuma da aka tsai da aikin sai ya dawo.

A jinin mutanen Garki an karanta wani abu kuma, wanda ya kai mu ga tambayar farko ta ɗalibin nan. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwo ba. Jarirai wajen biyu cikin ɗari ana haihuwarsu da ciwon kansa, amma da wuya a sami mai shi cikin manya. Ma'ana, ba su kai girma. Tun 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jikin wani ɗalibi baƙar fata. A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Cambridge ya nuna inda matsalar take. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin hemogulobin tana da tubala 146, waɗanda masana ke kira amino asid. A gurbi na shida, inda ya kamata a sami gulutamik mai son ruwa, sai aka sami balin mai gudun ruwa. Shi ke nan. Idan iska ta yi ƙaranci, sinadaran sai su liƙe wa juna su miƙe kamar kara, ƙwayar jini ta lanƙwashe, ta toshe jijiya, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. To me ya sa gado mai kisa haka bai ƙare ba? Anthony Allison ya ba da amsa a Gabashin Afirka a 1954: wanda ya gaji abin daga ɓangare ɗaya kawai, uwa ko uba, yana da kariya babba daga zazzaɓi mai tsanani. Sauro ne ya yi ta tankaɗe al'umma, dubban shekaru, ya bar masu rabin gadon. Akwai kuskure ɗaya da ya kamata malaman aji su riƙa gyarawa. Idan an ce ma'aurata masu rabin gado suna iya haihuwar mai sikila ɗaya cikin huɗu, ba ana nufin bayan ɗaya ya kamu sauran ukun sun tsira ba ne. Kowane ciki da ƙuri'arsa.

Tambaya ta uku, ta ciwon daji, daga Yuganda amsarta ta taso. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago na Kampala, ya bayyana wani kumburi da ke kama muƙamuƙin yara, mai saurin girma har yakan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Ya aika wasiƙu asibitoci, ya bi hanya da mota dubban kilomita a 1961 yana tambaya, ya zana taswira. Sai ga shi ciwon yana bin zafi da ruwan sama: babu shi a kan tsaunuka masu sanyi, kuma a Afirka ta Yamma yana raguwa inda ruwan shekara bai kai milimita 500 ba. Taswirar zazzaɓin cizon sauro ce sak. A 1964 Epstein, Barr da Achong a Landan suka ga wani birus a cikin ƙwayoyin kumburin, na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Amma birus ɗin kusan kowa na ɗauke da shi tun yarinta, lafiya lau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zazzaɓi a kai a kai yakan tilasta wa fararen ƙwayoyin jini masu ƙera garkuwa su yi ta rabuwa, yana kuma raunana masu tsaron da ke danne birus ɗin. A cikin wannan hanzari akan yi kuskure: wani yanki na ƙunshin gado na 8, mai ɗauke da umarnin rabuwa da ake kira MYC, ya ɓalle ya manne a ƙunshi na 14, kusa da makunnin da ba a kashewa. Kamar injin ban-ruwa ne aka tayar aka jefar da makulli a rijiya. Adar, da ruwanta na milimita 300 zuwa 500, tana bakin iyakar taswirar Burkitt ne, ba a tsakiyarta ba. Duk da haka ana ganin ciwon a asibitocin Nijar, kuma yana cikin cututtukan daji da ke jin magani idan an zo da wuri. Matsalar ita ce wurin: daga Madawa zuwa Yamai, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji take, wajen kilomita 500 ne.

A koma gida. Farin shekarun 1973 da 1984 ya busar da tabkuna, har wani nau'in sauro mai son ruwa mai ciyawa, Anopheles funestus, ya ɓace daga yankin Sahel na Nijar. Sai a 2004 masu bincike na cibiyar CERMES ta Yamai suka ba da labarin dawowarsa. A tsakanin nan ƙasar ta sake kama. Daga 1975 aka jera layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 aka fara babban aikin Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO, inda mata suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu, aka gina madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa. A kwarin Tarka rijiyoyin lambu suka yawaita, albasa ta zama arzikin Madawa. Babu mai hankalin da zai yi da-na-sanin ruwan nan. Sai dai sauron da ya fi cizo a nan ba ya buƙatar tabki: sawun saniya, ramin da aka haƙa don yin tubali, ɗan kududdufin da rana ke duka, sun ishe shi, kuma cikin kwana goma ƙwai ya zama mai cizo.

A waɗannan shekarun ne kuma nibakin ya fara cin amana. Ƙwayar da ba ta jin sa ta ɓulla a Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ta shigo Gabashin Afirka a 1978, ta iso Yammaci cikin shekarun 1980. Uwa ta ba ɗanta maganin da ya warkar da yayyensa, zazzaɓi ya lafa kwana biyu ya dawo. A 2000 aka gano dalili: sauyin tubali ɗaya, a gurbi na 76 na wani sinadari da ke bangon tumbin ƙwayar, ya ba ta damar fitar da maganin waje. A 2005 Nijar ta koma ga haɗin magunguna masu artemisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fid da shi a 1972 daga wani tsiro dangin tazargade. A ƙarshen shekarar aka raba gidajen sauro sama da miliyan biyu tare da allurar shan-inna, a 2006 kuma aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani.

Shekarar 2005 ba a manta da ita ba saboda yunwa. Ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières, wadda gidajen rediyo ke kira Na-gari Na-kowa, ta buɗe gidajen tamowa a Keita da Tawa, daga baya ta zauna a Madawa da Buza. A ɗakunan kwanciyar yara ta ga abin da kowace uwa ta sani: watannin da rumbu ya ƙare su ne watannin sauro. Yaron da yunwa ta rama zazzaɓi ya fi kayar da shi, wanda zazzaɓi ya kayar kuma ba ya cin abinci. Damanar 2012 ta zo da ruwa mai yawa, gadaje suka kasa.

A watan Maris na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata dabara da aka gwada a Senegal, Mali, Burkina Faso da Gambiya. Cikin waɗanda suka daɗe suna kare ta akwai Brian Greenwood, wanda ya yi shekarun 1970 yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Dabarar ba ta da wuyar faɗi. Tun da a Sahel galibin ciwon cikin wata huɗu yake zuwa, to kada a jira yaro ya kwanta: a ba duk ɗan wata 3 zuwa wata 59 cikakken magani sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba, ko da lafiyarsa lau. Gwaje-gwajen sun nuna ana kauce wa kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin. A damanar 2013 aka fara a Nijar, a gundumomi biyar: Madawa, Buza, Madarunfa, Gidan Rumji da Magarya, yara wajen 200,000. Shekara 133 ke nan bayan Laveran kafin ilimin madubi ya haɗu da kalandar manomi. Daga baya gwamnati ta faɗaɗa shirin, wanda ma'aikata ke kira CPS, zuwa miliyoyin yara.

A nan ne amsar tambaya ta biyu take. Ƙwayar cutar ba ta iya hayayyafa sai da folat, sinadarin da ake buƙata wajen kwafe rubutun gado. Mutum daga abinci yake samun nasa, daga ganye da wake; ita kuwa tana ƙera nata, mataki-mataki, kowane mataki da ma'aikacinsa, wato anzim. Sulfadoksin yana toshe wani mataki da jikin mutum ba shi da shi sam. Pirimetamin yana kama anzim na gaba, wanda mutum ma yana da irinsa, amma ya fi riƙe na ƙwayar cutar nesa ba kusa ba. An datse hanya ɗaya a wuri biyu, mai ciwon bai ji komai ba. Na uku, amodiyakin, ɗan'uwan nibakin ne, ta tumbi yake kisa. A Gabashin Afirka wani sauyin gado ya riga ya karya ƙarfin haɗin farkon. A Sahel sauyin bai yawaita ba, shi ya sa aka fara dabarar a nan, shi ya sa kuma ake ɗibar jinin yara lokaci-lokaci ana dubawa.

Sai dai akwai gurbin da ba madubin da ke gani. Maganin na kwana uku ne. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha. Na biyu da na uku, amodiyakin mai ɗaci, a hannun uwa ake bari. Binciken da aka yi a Magarya a 2016, wanda ya auna maganin a cikin jinin yara, ya nuna da yawa ba su sha duka ba, ko da an ce sun sha. Ba abin zargi ba ne. Mace ce da ke gona tun safe, aka ce ta ɗura wa yaro mai lafiya abin da zai iya sa shi amai, ko kuma ga wansa ɗan shekara bakwai kwance da zazzaɓi, shi ba ya cikin lissafi. Idan ba a bayyana mata, da Hausar da take ji, cewa rabin magani yana kashe raunanan ƙwayoyi ne ya bar masu taurin kai su hayayyafa, to me zai hana ta raba? Wannan bayani ba ya buƙatar Faransanci. Duk manomin da ya taɓa zaɓen iri ya san yadda abin da aka bari a gona ke zama amfanin baɗi.

A watan Satumba 2024 Nijar ta fara allurar rigakafin zazzaɓin a Gaya, allurar da ke tare ƙwayar tun kafin ta shiga hanta. Kariyarta ba cikakkiya ba ce, don haka ba ta kori gidan sauro ko maganin damana ba. Idan Yuli ya kama, masu rabo sukan bi gida-gida a ƙauyukan Tarka da Majiya, su auna damtsen yaro da ɗan ma'auni mai launi uku don neman tamowa, su narka ƙwayoyin ranar farko su ba shi, su sa alama a kati. Sauran ƙwaya biyun uwa ta ƙulle su a haɓar zane.